Yara a Gaban Orkes: Tarihin Koyar da Ƴan Makaranta Kiɗa Daga Niyok Zuwa Karakas

Gabatarwa

A Yamai ko Damagaram in aka ce orkes, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ƙungiyar samari masu jita da ganguna, waɗanda ke kiɗa a wurin biki ko a gidan al'adu. Akwai kuma wata orkes dabam, wadda ta girma a ƙasashen Turai tun daga ƙarni na 17, ana kiranta orkes ta samfoni. Makaɗanta sukan kai 80 zuwa 100, kuma sun kasu gida huɗu: masu kayan tsirkiya irin su biyolon, wanda ake gogawa kamar goge, masu kayan busa na icce, dangin sarewa da algaita, masu kayan busa na tagulla, dangin kakaki, sa'an nan masu ganguna da tambura. Kowane makaɗi yana da takardar rubutaccen kiɗa a gabansa, madugu ɗaya kuma yana tsaye yana ba su alama da ɗan siririn sanda. Galibi babu mawaƙi, babu rawa, mai sauraro yakan zauna shiru na tsawon minti 40 ko fiye kafin kiɗa guda ya ƙare.

Irin wannan kiɗa yana cin kuɗi masu yawa, kuma kunnen da bai saba da shi ba ba ya karɓarsa farat ɗaya. Shi ya sa tun ƙarshen ƙarni na 19 masu riƙe da orkes suka lura cewa in ba a tarbiyyantar da yara a kansa ba, wata rana zaurukan kiɗa za su zama kufai. Daga nan aka shiga ƙoƙarin haɗa ƴan makaranta da orkes, ƙoƙarin da ya haura shekara 100 ana yi, a ƙarƙashin gwamnatoci iri-iri da manufofi iri-iri. Tarihin nan ya shafi duk wani malami da duk wata ƙungiyar al'adu, domin tambayoyin da ke cikinsa su ne na kullum: ta yaya za a miƙa wa yaro abin da babu shi a gidansu, kuma wane yaro ne ƙofar take buɗe wa?

Mafari a Niyok da Landan

Ko da yake Turai ce mahaifar wannan kiɗa, a Amurka ne zaman kiɗa na yara ya fara zama al'ada mai ɗorewa. A biranen Jamus da Ostiriya yaro yakan tashi ya tarar da kiɗan a coci da gidan opera, wani lokaci ma a cikin gidansu. Biranen Amurka kuwa sababbi ne, cike da baƙin da suka yi ƙaura daga ko'ina, kuma orkes ba ta da sarki ko gwamnatin da za ta ɗauki nauyinta, sai attajirai da masu sayen tikiti. Theodore Thomas, madugu haifaffen Jamus, ya shirya wa matasa zaman kiɗa na rana a Niyok cikin shekarun 1880. A 1898 Frank Damrosch, wanda a lokacin shi ne mai kula da koyar da kiɗa a makarantun gwamnati na birnin, ya kafa jerin zaman kiɗa na matasa, inda yakan tsaya ya yi bayani kafin makaɗa su fara. Daga baya ƙanensa Walter Damrosch ya gaje shi a wannan aiki.

A 1924 babbar orkes ta birnin, watau New York Philharmonic, ta buɗe nata jerin a hannun Ernest Schelling, wanda ya riƙe shi har rasuwarsa a 1939. Schelling yakan haska wa yara hotunan majigi na masu tsara kiɗa da na kayan kiɗa, yakan sa su rera waƙa tare, kuma yaran sukan cika littafin rubutu da abin da suka ji, a ba waɗanda suka fi ƙwazo kyauta a ƙarshen shekara.

A Ingila kuwa wani ɗan kasuwar ƙarafa haifaffen Mannheim ta Jamus, Robert Mayer, shi da matarsa mawaƙiya Dorothy Moulton, sun ga irin aikin Damrosch a Niyok, suka koma Landan suka zuba dukiyarsu a cikin irinsa. Zaman farko an yi shi a watan Maris na 1923 a ƙarƙashin Adrian Boult, daga baya Malcolm Sargent ya karɓa. Mayer ya rayu shekara 105, ya rasu a 1985.

Sai dai wannan tsari na farko yana da iyakarsa. Zaman da ake yi ran Asabar a tsakiyar birni na mai tikiti ne, na yaron da iyayensa suka san darajar abin kuma suke da halin kawo shi. Ɗan lebura da ɗiyar mai wanki suna can unguwarsu ba su ma san ana yi ba.

Tsarin Cleveland

Ɗaya daga cikin biranen da suka tunkari wannan matsala da gaske shi ne Cleveland, birnin masana'antu a jihar Ohio. An kafa orkes ta birnin a 1918 bisa himmar wata mata mai suna Adella Prentiss Hughes, kuma tun 1921 aka fara yi wa ƴan makaranta zaman kiɗa. Abin da ya bambanta Cleveland da sauran birane ya zo a 1929, lokacin da aka ɗauki Lillian Baldwin a matsayin mai kula da darasin sauraron kiɗa a makarantun gwamnati, tana kuma ba orkes shawara. Ta riƙe wannan aiki har 1956.

Baldwin malama ce, kuma da idon malama ta dubi lamarin. A ganinta ranar zuwa zaure ita ce ƙarshen darasi, farkonsa yana cikin aji. Saboda haka takan haɗa kai da madugu wajen zaɓen kiɗan da za a yi wa kowane rukunin shekaru, sa'an nan ta rubuta ƙananan littattafai masu bayani a kan kowane kiɗa, da wanda ya tsara shi, da kayan da ke fitowa fili a cikinsa. Littattafan nan sukan shiga ajujuwa tare da faya-fayan garmaho makonni kafin ranar, malamin aji ya riƙa sa wa yara kiɗan suna ji, suna maimaita karinsa, har ya zauna musu a kunne. Har ladabin zama a zaure ana koya musu: lokacin da ake shiru da lokacin da ake tafi. Ran da motoci suka sauke su a ƙofar Severance Hall, zauren da aka buɗe a 1931, sukan shiga kamar masu zuwa gaida wanda suka daɗe da sani.

Abu biyu suka sa wannan tsari ya yi ƙarko. Na farko, tun da ta hanyar makarantar gwamnati ake zuwa, cikin lokacin karatu, aji guda yakan tafi da ɗan mai hali da ɗan marar hali. Na biyu, nauyin ya rataya a wuyan malamai masu yawa, bai tsaya ga baiwar madugu ɗaya ba. Wasu birane sun kwaikwayi abin da aka riƙa kira tsarin Cleveland, kuma bisa lissafin orkes ɗin kanta, yaran da suka halarci zaman kiɗanta na makarantu tun daga 1921 sun haura miliyon 4.

Rediyo ya shiga aji

Makarantun ƙauye da na ƙananan garuruwa ba su da orkes kusa da su. Zuwan rediyo ya sa aka yi zaton an sami maganin nisa. Daga 1928 zuwa 1942 gidan rediyon NBC ya riƙa watsa shirin Walter Damrosch na sauraron kiɗa kowace Jumma'a cikin lokacin karatu. An kasa shirin rukuni huɗu gwargwadon shekarun yara, an buga littafin jagora domin malamai da littafin aiki domin ɗalibai, kuma miliyoyin yara sun saurare shi a ajujuwansu. Damrosch dattijo ne mai daɗin baki. Yakan ɗora wa sanannun karin kiɗa ƴan kalmomi domin yara su haddace, yakan kuma ba su labarin abin da kiɗan yake kwatantawa.

Wannan dabara ce ta jawo masa suka mafi zafi. Theodor Adorno, masanin falsafa kuma masanin kiɗa da ya guje wa mulkin Nazi, ya iso Niyok a 1938 yana aiki a wani shirin bincike a kan rediyo. Ya bi darussan Damrosch ɗaya bayan ɗaya ya rubuta dogon nazari, wanda ba a buga shi ba sai a 1994, shekara 25 bayan rasuwarsa. Hujjarsa ita ce shirin yana koya wa yaro gane guntun kari da faɗin sunan mai shi, kamar mai gane tambarin kayan kanti, alhali sauraro na gaskiya shi ne bin kiɗan daga farko zuwa ƙarshe, a ji yadda ƙaramin kari yake girma, ya sake kama, ya ɓace, ya komo. Yaron da ya ci jarrabawar sunaye, in ji shi, yana iya fita bai taɓa sauraron kiɗa ba.

Adorno ya tsananta, domin yaron ƙauyen da ba shi da wata hanya ya fi gaban wanda bai ji kome ba. Amma ya sa yatsa a kan ciwon da kowane malami ya sani, watau sauƙin da ke akwai wajen jarraba hadda da wuyar da ke akwai wajen jarraba fahimta.

Kiɗan da aka tsara domin koyarwa

A Tarayyar Sobiyet gwamnati ce ta ɗauki tarbiyyar yara ta hanyar fasaha a matsayin aikinta. Natalia Sats, wadda ta fara shirya wa yara wasannin kwaikwayo a Mosko tun 1918 tana da shekara 15, ita ce shugabar babban gidan wasan yara na birnin a 1936. A shekarar nan ta roƙi Sergei Prokofiev ya tsara kiɗan da zai gabatar wa yara kayan orkes ɗaya bayan ɗaya. Cikin ƴan makonni ya kammala tatsuniyar da masu jin Faransanci suka sani da sunan Pierre et le Loup, watau Bitrus da Kyarkeci, aka fara yin ta ran 2 ga watan Mayu na 1936.

Hikimar aikin tana cikin sauƙinsa. Mai ba da labari yana magana, kowane mai rai a tatsuniyar kuma yana da abin kiɗansa da karinsa. Sarewa ce tsuntsu. Obuwa, mai amo irin na algaita, ita ce agwagwa. Kilarinet ce kyanwa, basun mai kaurin murya shi ne kaka, ƙahonin tagulla uku su ne kyarkeci, kayan tsirkiya su ne Bitrus, tambura kuwa su ne harbin bindigar maharba. Prokofiev ya ba da shawarar a nuna wa yara kowane abin kiɗa a kuma jiyar da su karinsa kafin a fara. Ta haka yaro yakan koyi rarrabe amo ba tare da ya san darasi ake yi masa ba. Zaman farko bai ja hankalin jama'a sosai ba, amma daga baya aikin ya zama ruwan dare, an ba da labarinsa cikin harsuna masu yawa.

Ita Sats ba ta daɗe tana cin moriyarsa ba. A 1937, lokacin kame-kamen Stalin, aka kama ta aka tura ta sansanin gwale-gwale na shekara 5, mijinta kuma aka kashe shi. Da aka sake ta ba a yarda ta koma Mosko ba, sai ta zauna a Alma-Ata ta Kazakistan, inda ta buɗe wani gidan wasan yara a 1945. A 1965 ta kafa gidan opera na yara a Mosko, wanda yake ɗauke da sunanta. Gwamnatin da ta ba ta zaure da makaɗa ita ce ta ɗaure ta, kuma wannan ba shi ne karo na ƙarshe da hakan ta faru a cikin wannan tarihi ba.

Ingila ta yi nata bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ma'aikatar ilimi ta sa aka shirya silima domin makarantu, aka ba Benjamin Britten aikin tsara kiɗansa, aka nuna shi a 1946 da Malcolm Sargent a matsayin madugu. Britten ya ɗauko wani kari na Henry Purcell na 1695, ya sa dukan orkes ta yi shi, sa'an nan kowane gida ya yi shi dabam, sa'an nan kowane abin kiɗa ya juya shi yadda ya dace da muryarsa. A ƙarshe kayan suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, tun daga ƙaramar sarewa, har orkes ta sake haɗuwa, karin Purcell ya komo a bakin kayan tagulla. Cikin minti 17 yaro yakan ga an kwance orkes an kuma ɗaure ta.

Ƙungiya a ƙarƙashin mamaya

A watan Oktoba na 1940, watanni kaɗan bayan sojojin Jamus sun mamaye Beljik, Marcel Cuvelier, shugaban ƙungiyar kiɗa ta Burusel, ya fara tara ƴan makaranta a babban zauren fasaha na birnin. Ya kira tafiyar Jeunesses Musicales. A lokacin da ƙungiyoyin masu goyon bayan ƴan mamaya suke zawarcin matasa, samar musu wani wurin haɗuwa dabam ba ƙaramin aiki ba ne. A Faransa René Nicoly ya ɗauki irin wannan hanya cikin shekarun yaƙin, kuma a 1945 mutanen biyu suka haɗa ƙarfi suka kafa tarayyar ƙasa da ƙasa a Burusel.

Gudummawar wannan tafiya ita ce siffar ƙungiya. Maimakon a dogara ga orkes ɗaya a babban birni, sai aka kafa rassa a garuruwa, ƴan sa kai suna neman zaure, suna tuntuɓar makarantu, suna tara kuɗin shiga kaɗan-kaɗan. Makaɗa ƙalilan tare da mai bayani sukan bi gari-gari, su yi wasa a gidan silima ko a zauren makaranta. Da tafiya ta yi nisa ƙungiyar ta buɗe ƙofa ga jaz da kiɗan gargajiya na nahiyoyi dabam-dabam, abin da ya nuna cewa tsarin yana aiki ko da wane irin kiɗa aka ɗora masa.

Bernstein da akwatin telebijin

Ran 18 ga watan Janairu na 1958, Leonard Bernstein ya tsaya a gaban New York Philharmonic a Carnegie Hall, zaure cike da yara, gidan telebijin na CBS yana watsawa kai tsaye. Ya fara da ƙarshen kiɗan buɗe opera ta Guillaume Tell, wanda Rossini ya tsara, sa'an nan ya tambayi yaran abin da kiɗan yake nufi. Suka amsa da sunan wani jarumin kaboyi, domin da wannan kiɗa ake buɗe shirinsa. Daga nan ya kama hanyar nuna musu cewa labarin da ake liƙa wa kiɗa ba ya cikin kiɗan. Ya ƙago wani labari na ƙarya ya ɗora a kan wani aikin Richard Strauss, yara suka yarda, sa'an nan ya gaya musu cewa ainihin labarin na Don Kishot ne, kuma duka biyun sun zauna daidai. Ma'anar kiɗa, a koyarwarsa, tana cikin tafiyar amon da abin da take motsawa a zuciyar mai ji. Kusan amsar Adorno ce, amma cikin harshen da ɗan shekara 8 zai gane.

Tsakanin 1958 da 1972 Bernstein ya gabatar da irin wannan zama 53 a telebijin, kuma shi da kansa yake rubuta bayanin. Bai raina yara ba. Ya yi musu darasi a kan Gustav Mahler, da siffar sonata, da jaz, da raha a cikin kiɗa. Yakan rera waƙoƙin da suke ji a rediyo domin ya bayyana wata ƙa'ida, yakan kuma fito da matasan makaɗa, kamar André Watts, wanda ya buga piyano a shirin Janairu na 1963 yana da shekara 16. Wasu shekaru an mayar da shirin lokacin da iyali suke taruwa da dare, an kuma nuna shi a ƙasashe fiye da 40. Ko a shekarar da ya ɗauki hutu daga jagorancin orkes, bai ajiye zaman yara ba.

Rauninsa shi ne ya rataya a kan mutum ɗaya. Bayan 1972 wasu madugai sun ci gaba, amma hasken ya ragu, daga bisani telebijin ta janye. A cikin shekarun nan ne kuma matsalar kuɗi ta auka wa birnin Niyok, har aka sallami malaman kiɗa da na zane masu yawa daga makarantun gwamnati a tsakiyar shekarun 1970. Birnin da ya ba duniya mashahurin malamin kiɗa na telebijin ya wayi gari ajujuwansa da yawa ba su da malamin kiɗa ko ɗaya.

Karakas: yaro ya karɓi abin kiɗa

Duk waɗanda aka ambata zuwa nan sun zaunar da yaro ne a kujerar mai sauraro. A Benezuwela aka juya tsarin. José Antonio Abreu masanin tattalin arziki ne, makaɗi, kuma tsohon ɗan majalisa. A watan Fabrairu na 1975 ya kira matasan makaɗa zuwa gwaji a wani wurin ajiye motoci a Karakas. Kamar yadda shi kansa yake ba da labari, ya tanadi mazaunin takarda 50, amma mutum 11 suka zo. A lokacin manyan orkes na ƙasar cike suke da baƙi daga Turai, ɗan ƙasa ba ya samun wuri cikin sauƙi. Kuɗin man fetur suna shigowa, Abreu kuma ya san hanyoyin gwamnati, don haka cikin ƴan shekaru hukuma ta ɗauki nauyin aikin da duniya ta sani da sunan El Sistema.

Tsarin ya ginu a kan cibiyoyin unguwa. Yaro yakan zo bayan an tashi daga makaranta, kwana biyar ko shida a mako, awoyi da yawa kowace rana. Ana ba shi aron abin kiɗa kyauta, kuma tun farkon zuwansa ake sa shi cikin orkes, ba a jira sai ya ƙware shi kaɗai. Wanda ya ɗan yi gaba yakan koya wa na bayansa. A wasu cibiyoyi ƙananan yara sukan fara da biyolon na takarda, su koyi riƙo da zama da bin madugu kafin su taɓa na icce. Abreu ya riƙa gabatar da aikin a matsayin yaƙi da talauci, kuma ya iya zama da kowace gwamnati, tun daga Carlos Andrés Pérez, wanda ya naɗa shi ministan al'adu a 1989, har zuwa Hugo Chávez.

Amfanin ya fito fili. Edicson Ruiz ya shiga babbar orkes ta Barlin yana da shekara 17. Gustavo Dudamel, haifaffen Barquisimeto a 1981, ya ci gasar madugai ta Bamberg a 2004, ya girgiza Landan da orkes ta matasa mai sunan Simón Bolívar a 2007, ya zama madugun orkes ta Los Angeles a 2009. A 2007 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya ba da rancen dala miliyon 150 domin faɗaɗa aikin, ƙasashe da yawa kuma suka shiga kwaikwayo, daga Los Angeles har unguwar Raploch ta Sikotlan.

Abin da awo ya nuna

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A 2014 Geoffrey Baker, masanin kiɗa ɗan Ingila da ya zauna a Benezuwela yana bincike, ya fitar da littafin da ya ƙalubalanci labarin da aka saba ji. Ya ce horon yana da tsanani da maimaici, iko ya taru a hannun shugaba, kuma maganar ceton matalauta ta shigo ne daga baya, ba ita ce manufar farko ba. Magoya bayan El Sistema sun musanta da ƙarfi.

Bankin da ya ba da rancen ya ɗauki nauyin wani bincike, wanda aka buga a 2017. An bi yara 2,914 masu shekara 6 zuwa 14 a cibiyoyi 16, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suka fara a 2012, rabi suka jira shekara guda. Bayan shekarar an ga waɗanda suka fara sun ɗan fi kame kai, matsalolin ɗabi'a sun ragu, musamman ga yara maza da suka taso cikin tashin hankali. Ba a ga wani bambanci a kaifin tunani ba. Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne wani adadi: kimanin kashi 17 cikin 100 na yaran ne suka fito daga gidajen matalauta, alhali a jihohin da aka yi binciken matalauta sun kai kusan kashi 47. Watau matsalar zaman Asabar na Niyok ta komo cikin wata riga. Kyauta ce, amma sai yaron da ke da kuɗin mota, da mai raka shi, da gidan da zai iya haƙura da aikinsa na yamma, shi yake isa ƙofar.

Siyasa ma ta karɓi rabonta. A 2011 aka mayar da hukumar ƙarƙashin ofishin shugaban ƙasa. A watan Mayu na 2017 aka harbe wani matashin makaɗin El Sistema, Armando Cañizales, a wurin zanga-zanga a Karakas. Dudamel ya fito ya soki murƙushe masu zanga-zangar, gwamnatin Nicolás Maduro kuma ta soke tafiye-tafiyen da zai jagoranta da orkes na ƙasar. Abreu ya rasu a watan Maris na 2018, lokacin da makaɗa da malamai da yawa suke barin ƙasar saboda taɓarɓarewar arziki. A watan Nuwamba na 2021 aka tara makaɗa a filin makarantar soja ta Karakas, aka ƙidaya 8,573, aka shigar da su kundin Guinness a matsayin orkes mafi girma a duniya.

Faransa ta ɗauki darasi daga wannan duka. Shirin Démos, wanda cibiyar kiɗa ta birnin Paris ta fara a 2010, yana zuwa ne kai tsaye unguwannin marasa hali da yankunan karkara, ya ɗauki yara masu shekara 7 zuwa 12 na tsawon shekara 3. Kowane rukuni na yara 15 yana da makaɗa masu koyarwa da kuma ma'aikacin jin daɗin jama'a wanda ya san iyayensu, rukuni 7 kuma su ne orkes guda. Wani shirin, Orchestre à l'École, yana mayar da aji sukutum ya zama orkes, domin kada a bar zaɓe a hannun halin iyaye.

Kammalawa

A 2023 aka ba da sanarwar cewa Dudamel zai karɓi jagorancin New York Philharmonic daga 2026, watau orkes ɗin da Schelling da Bernstein suka tsaya a gabanta suna yi wa yara bayani. Yaron da ya koyi biyolon a cibiyar Barquisimeto ya kai inda tarihin ya faro, kuma wannan abin alfahari ne ga masu aikin. Amma tarihin ya nuna cewa fitaccen mutum ɗaya ba shi ne ma'auni ba. Aikin da ya rataya a kan baiwar madugu yakan dushe in ya tafi. Wanda ya jingina ga mai mulki yakan sami zaure da kuɗi, ya kuma biya da ƴancinsa, kamar yadda Sats da makaɗan Karakas suka gani. Wanda ya jira yara su zo da kansu yakan sami waɗanda dama suke da hanyar zuwa.

Abin da ya fi daɗewa shi ne wanda ya fi ƙarancin suna. Lillian Baldwin ba ta taɓa jagorancin babbar orkes ba, kuma a wajen Ohio kaɗan ne suka san ta. Ta rubuta ƙananan littattafai, ta aika da faya-fayai, ta dogara ga malaman aji, ta tabbata aji yana tafiya gaba ɗayansa. Shekara 70 bayan ta ajiye aiki, motocin makaranta suna ci gaba da sauke yara a ƙofar zauren Severance.